Tarihin Makaɗa a Allon Silima: Abin da Holiwud Ta Yi da Aikin da ke Jiran Ƙasar Hausa

Daga cikin nau'o'in finafinan da manyan kamfanonin Amurka suka yi suna da su tsakanin shekarun 1930 da ƙarshen shekarun 1950, akwai wanda ake ginawa a kan rayuwar mai tsara waƙa, inda ake ɗauko mutumin da ya ƙirƙiri waƙoƙin da jama'a suka riga suka haddace, a bi shi tun daga ƙuruciya har zuwa shahara ko mutuwa, ana saƙa waƙoƙin nasa a cikin labarin ɗaya bayan ɗaya. Sharhin nan ya waiwayi wannan nau'i ne saboda tambayar da yake ɗora wa masu shirya fim a ƙasar Hausa, wato yadda za a ɗauki rayuwar Mamman Shata, ko ta Ɗan Maraya Jos, ko ta Barmani Choge, a mayar da ita fim ba tare da an yi wa tarihi ƙarya ba. Tudun Wadar Zariya, wadda ta daɗe tana maƙwabtaka da ma'aikatun da suka adana adabin Hausa a rubuce, wuri ne da ya dace a tayar da wannan tambaya.

Abin da masana tarihin fim suke kira zamanin manyan kamfanoni shi ne lokacin da kamfanoni biyar, wato MGM da Warner Bros. da Paramount da Fox da RKO, suka riƙe harkar fim tun daga tushe har zuwa ƙofar silima, domin su ke da filayen ɗaukar hoto, su ke ɗaure 'yan wasa da marubuta da makaɗa da kwantiragin shekaru, kuma su ne suka mallaki manyan gidajen silimar da ake nuna abin da suka shirya. Da fim mai magana ya kankama daga 1927, sai waƙa ta zama haja mai tsada, har ta kai a 1929 kamfanin Warner ya saye wasu manyan kamfanonin buga takardun waƙa, ya zama mamallakin dubban waƙoƙin da ake rerawa a gidajen wasa da rediyo. Kamfanin da yake da rumbun waƙoƙi a hannu guda da taurarin mawaƙa masu cin albashi a ɗaya hannun ba abin da yake nema sai zaren da zai haɗa su, kuma rayuwar wanda ya tsara waƙoƙin ita ce zare mafi sauƙin samu. Wannan ne asalin nau'in, kuma a nan ne rauninsa ya samo tushe, domin tun farko an ɗauko rayuwar mutumin ne don ta yi wa waƙoƙin hidima.

Fim ɗin da ya fi kowanne samun karɓuwa a wannan fage shi ne Yankee Doodle Dandy na 1942, wanda Michael Curtiz ya ba da umarninsa, James Cagney ya fito a matsayin George M. Cohan har ya ci lambar yabo ta Oscar. An fara ɗaukarsa ne a daidai lokacin da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, aka mayar da Cohan tambarin kishin ƙasa, aka nuna an haife shi ranar 4 ga Yuli, ranar 'yancin kan Amurka, alhali takardar baftismarsa ta nuna 3 ga wata. Cohan ya yi aure sau biyu, na farkon ya ƙare da rabuwa, amma fim ɗin ya ba shi mace guda da aka raɗa wa suna Mary, kuma bai ce uffan ba a kan tsayuwar dakan da ya yi wajen adawa da yajin aikin 'yan wasan kwaikwayo na 1919. Wanda aka yi a kan George Gershwin, Rhapsody in Blue na 1945, ya ƙaga masa 'yan mata biyu da ba su taɓa wanzuwa ba, duk da cewa abokan aikinsa na gaske irin su Oscar Levant da Paul Whiteman sun fito a cikinsa da sunayensu. Shi kuwa Jerome Kern, wanda ya rasu a Nuwamban 1945 ana cikin aikin Till the Clouds Roll By, rayuwarsa ta yi wa marubutan MGM lami da yawa, sai suka ƙirƙiro masa wani amini kuma malami mai suna Hessler, suka ɗora rabin labarin a kansa da 'yarsa. A Night and Day na 1946 an sa Cary Grant ya zama Cole Porter, an nuna haɗarin dokin da ya ragargaza masa ƙafafu a 1937, amma an lulluɓe hakikanin yanayin aurensa da abin da ya shafi sirrin rayuwarsa, kamar yadda Words and Music na 1948 ya sassauta shaye-shayen da ya taimaka wajen hallaka Lorenz Hart a 1943, ya jingina baƙin cikinsa ga wata soyayya da aka ƙirƙira.

Ko matattun da suka daɗe a ƙasa ba su tsira ba. A Song to Remember, wanda kamfanin Columbia ya fitar a 1945 a kan Chopin, mutumin Folan da ya rasu a Faris a 1849 yana da shekara 39, ya nuna shi yana yawon kaɗa fiyano har jini ya ɗiga a kan maɓallan don tara wa 'yan tawayen ƙasarsa kuɗi, tare da rakiyar malaminsa Elsner wanda a zahiri bai bi shi Faris ba.

Dalilan wannan gyare-gyare ba su ɓuya ba. Akwai dokar tace finafinai da kamfanonin suka ɗora wa kansu, wadda aka fara aiwatarwa da tsanani daga 1934, ta haramta nuna abubuwa da dama na rayuwar ɗan Adam. Akwai kuma ikon mai waƙar ko magadansa, tun da ba a iya amfani da waƙoƙin sai da yardarsu, wanda yake riƙe da waƙa kuwa yana riƙe da alƙalamin marubucin fim. Sai dai dalilin da ya fi zurfi shi ne cewa aikin tsara waƙa a al'adar Turai aiki ne da ido ba ya gani, mutum ne zaune shi kaɗai da fiyano da takarda yana gogewa yana sakewa, kuma da yake kyamara ba ta da abin ɗauka a nan, sai masu fim suka ƙirƙiro dabarar da ta zama musu al'ada, wato a nuna mai waƙar ya ji ƙarar ruwan sama ko takun doki ko wata kalma daga bakin masoyiya, nan take waƙa ta sauko masa cikakkiya. Ta haka aka raba mai kallo da abin da ya fi cancanta ya sani game da mai fasaha, wato wahalar sana'ar da tsarin da take bi.

Duk da haka, adalci ne a faɗi alherin da suka yi. Waɗannan finafinai sun mayar da waƙoƙin da suka fara tsufa cikin bakin sabon zamani, har faifan kiɗan Chopin da José Iturbi ya kaɗa, wanda shi ne ainihin mai kaɗa fiyanon da ake ji a fim ɗin, ya yi kasuwar da kiɗan gargajiyar Turai bai saba yi ba. St. Louis Blues na 1958, wanda ya zo a ƙarshen zamanin bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1948 ya tilasta wa kamfanonin rabuwa da gidajen silimarsu, ya haɗa Nat King Cole da Ella Fitzgerald da Mahalia Jackson da Eartha Kitt a fim guda don girmama W. C. Handy, Baƙar fata ɗan limamin coci wanda mahaifinsa ya ɗauki kiɗan duniya a matsayin saɓo. A Indiya ma, wadda finafinanta suka fi na Amurka shiga jinin Bahaushe, an yi Tansen a 1943 da K. L. Saigal, aka yi Baiju Bawra a 1952 da kiɗan Naushad, inda aka gina ƙololuwar labarin a kan gasar waƙa a fadar Sarki Akbar, aka kuma gayyato manyan malaman waƙar gargajiya, Amir Khan da D. V. Paluskar, suka rera muryoyin gasar. Labarin Baiju ya fi kusa da almara a kan tarihi, amma masu fim ɗin sun girmama sana'ar kanta, abin da Holiwud ta sha kasawa a kai.

Idan aka juyo ƙasar Hausa, abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne cewa tsarin waƙar baka ya sha bamban da wanda waɗancan finafinai suka ginu a kai. A Amurka sau da yawa wani ne yake tsara kari, wani ya rubuta baitoci, wani dabam ya rera, waƙar kuma tana zaune a takarda, shi ya sa MGM take iya jera taurari goma kowa ya rera waƙar Kern guda ba tare da an ji an yi ɓarna ba. Makaɗin Hausa kuwa shi ne mai ƙirƙira, shi ne mai rerawa, kuma sau da yawa a gaban jama'a yake ƙirƙirar. Yana tafe da ƙungiya wadda shi ne jagoranta, akwai 'yan amshi masu maimaita gindin waƙa, wato jimlar da ake komawa gare ta bayan kowane ɗa, ɗa kuwa shi ne yankin da jagora yake ƙullawa tsakanin amshi da amshi, akwai masu kaɗa kalangu ko kotso ko taushi, sannan akwai sanƙira mai ɗaga murya yana sanar da kyauta da sunan mai bayarwa da asalinsa. Waƙa guda takan sauya daga wannan dandali zuwa wancan gwargwadon waɗanda suka halarta da abin da suka bayar. Ma'anar wannan ga mai shirya fim babba ce, domin matsalar da ta tura Holiwud ga ƙage, wato rashin abin nunawa a lokacin da ake ƙirƙirar waƙa, ba ta taso a nan ba. Ƙirƙirar Bahaushen makaɗi abu ce da ake gani da ido: yadda yake karanta fuskar ubangida, yadda yake jefa wa ɗan amshi alama, yadda yake juya yabo ya koma habaici idan kyauta ta yi jinkiri, yadda fili yake ɗaukar zafi. Wasan kwaikwayon yana cikin sana'ar tun asali, ba ya buƙatar a ƙago masa budurwa.

Abu na biyu shi ne cewa hujjojin da za a dogara da su suna nan, kuma kaso mai yawa daga cikinsu Zariya ce ta tara. Tudun Wada ta kafu ne a zamanin mulkin mallaka tsakanin Birni da Sabon Gari don saukar 'yan Arewa waɗanda ba 'yan asalin garin ba, saboda haka ta zama matattarar ma'aikata da 'yan kasuwa da malamai da masu sana'ar nishaɗi waɗanda ba su jingina da fada ba. A gefenta ne aka kafa kamfanin ɗab'i na Gaskiya a 1945, shekara shida bayan fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda Abubakar Imam ya yi wa edita, daga baya hukumar adabi ta NORLA ta biyo baya a shekarun 1950, sannan kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966. Waɗannan ma'aikatu ne suka buga waƙoƙin Sa'adu Zungur da na Mu'azu Haɗeja da Fasaha Aƙiliya ta Aƙilu Aliyu da waƙoƙin haɗin kan Afirka na Abubakar Ladan Zariya, kuma NNPC ce ta fitar da tarihin Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano ya rubuta. A ɓangaren waƙar baka, M. G. Smith ya yi bincikensa a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya buga maƙala a 1957 a kan roƙo da matsayinsa a zamantakewar Hausawa, inda ya nuna yadda al'umma take buƙatar maroƙi don tabbatar da darajar masu mulki da masu arziki, amma take ajiye shi kansa a ƙasan jerin masu sana'a. David Ames ya naɗi kaɗe-kaɗen Zariya a farkon shekarun 1960, shi da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana a 1975, Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da dama a Makaɗa da Mawaƙan Hausa, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da Shata Ikon Allah a 2006, ga kuma faya-fayen gidan rediyon Kaduna da ya fara aiki tun 1962. Marubucin fim da ya yi ƙage bayan duk wannan ba shi da uzurin rashin madogara.

Rayuwar Shata ita ce misalin da ya fi nuna girman damar da kuma girman haɗarin. An haife shi a Musawa a 1923, mahaifinsa bai so ya shiga waƙa ba saboda kallon roƙo da ake yi mata, ya yi tallan goro kafin kalangu ya ɗauke shi, ya zauna a Bakori da Funtuwa da Kano, ya yi wa sarakuna da attajirai da direbobi da manoma da sojojin yaƙin basasa waƙa, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu ranar 18 ga Yuni 1999, aka binne shi a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Tafiyar da ta fara daga ƙin yardar uba ta ƙare da rigar dakta a jami'a irin labarin da marubutan Warner suke nema ido rufe ce, kuma a nan ne tarkon yake, domin hanya mafi sauƙi ita ce a jera waɗannan tashoshi a cika tsakaninsu da waƙoƙi, a fito da mutum mai santsi wanda bai taɓa ɓata wa kowa rai ba. Shatan da Hausawa suka sani mutum ne mai kaifin harshe, wanda ake tsoron zambonsa kamar yadda ake kwaɗayin yabonsa, wanda waƙarsa ta A Sha Ruwa ta jawo masa suka daga masu wa'azi, wanda kuma ya tsoma hannu a siyasa. Idan aka cire waɗannan, abin da zai rage ba zai iya bayyana dalilin da ya sa manya suke shakkarsa ba, ballantana yadda maroƙi ya kai ga zama wanda ake tashi a gaishe shi.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da makaɗan Hausa, wato cewa manyansu sun riga sun zana hoton kansu a waƙa. Bakandamiya ita ce waƙar da makaɗi yake ɗauka a matsayin gagarabadan waƙoƙinsa, inda yake wasa kansa, ya ambaci fifikonsa a kan abokan hamayya, kuma Narambaɗa, makaɗin kotson Sarkin Gobir na Isa Amadu, yana da tasa, Shata ma yana da tasa. Bakandamiya kirari ce, kowa ya san kirari ce, don haka ba ta yaudarar kowa. Fim kuwa yana zuwa ne da fuska da tufafi da ranaku da sunayen garuruwa, mai kallo ya ɗauke shi shaida, musamman yaron da aka haifa bayan 1999 wanda bai taɓa ganin Shata a fili ba. Wanda ya ɗauki kirari ya sa masa rigar tarihi ya cuci wannan yaro, ya kuma cuci makaɗin, tun da ya rage shi zuwa abin da ya faɗa a kan kansa a lokacin da yake cika baki.

Sauran rayuwoyin kowace da irin ƙofar da take buɗewa. Ɗan Maraya, wanda aka haifa a Bukuru a 1946 ya rasu a 2015, ya tashi ba uwa ba uba a hannun Sarkin Bukuru, ya ɗauki kuntigi, ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, ya juya baya ga tsarin ƙungiya da amshi, ya mai da hankali kan karen mota da ma'aurata da talakan birni, saboda haka fim a kansa tarihin Jos ne da na leburorinta. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta fito da kiɗan amada, wato kiɗan ƙwarya na mata a cikin gida, zuwa dandalin duniya, tana zaburar da mata su kama sana'a, kuma rayuwarta hanya ce ta shiga duniyar bikin mata wadda tarihin da maza suka rubuta bai cika leƙawa ba.

Masana'antar Kannywood, wadda ake ƙirga farkonta daga Turmin Danya na 1990, tana da kusan duk kayan aikin da ake buƙata. 'Yan wasanta sun ƙware wajen motsa baki a kan muryar mawaƙi, dabarar da Larry Parks ya yi amfani da ita a The Jolson Story na 1946 inda muryar Al Jolson ta gaske ce take fita, kuma ita ce kaɗai hanyar da ta dace da makaɗin da waƙarsa ba ta rabuwa da maƙogwaronsa. Amma matsin da ya lanƙwasa Holiwud yana nan yana jira. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana da iyakokinta, dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, wanda yake nufin sai da yardar magada, ga kuma zuriyar waɗanda aka yi wa zambo suna raye suna da mutuncin da za su kare. Al'adar Bahaushe ta rufa wa mamaci asiri al'ada ce mai kyau wadda addini ya ƙarfafa, kuma ba wanda yake neman a tona abin da mutum ya ɓoye tsakaninsa da Ubangijinsa. Sai dai akwai tazara mai faɗi tsakanin yin shiru a kan sirri da ƙirƙirar abin da bai faru ba, kuma abin da makaɗi ya rera a bainar jama'a, aka naɗa a faifai, aka watsa a rediyo, ya riga ya fita daga babin sirri.

Kira a nan yana kan ɓangarori uku ne da ba su saba zama wuri guda ba. Masu shirya fim su fara da ɗakin karatu da rumbun faya-fayai kafin su kira ɗan wasa, su kuma nemi ragowar 'yan amshi da makaɗan kalangu da sanƙirorin da suka yi yawo da waɗannan ƙungiyoyi, domin yawancin masu rai a cikinsu sun manyanta, kuma su kaɗai suka san yadda ake ƙulla waƙa a cikin mota tsakanin gari da gari. Malaman sassan Hausa da na wasan kwaikwayo a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato su daina ɗaukar fim a matsayin abin da bai kai darajar kundi ba, su shiga aikin tun daga rubutun labari. Iyalan makaɗan kuma su ba da izinin waƙoƙin ba tare da sharaɗin a goge wa iyayensu hali ba, su nemi haƙƙinsu na kuɗi cikakke a rubuce, su bar wa masu bincike hukuncin abin da ya faru.